Huji Biyar a Murfin Rufus

Masu karatu, ku gyara zama, amma ina roƙon ku kada ku fara zagina sai kun kai ƙarshe. Abin da zan faɗa muku yau na fi shekara talatin ina riƙe da shi, ko mijina bai taɓa jin sa gaba ɗaya ba. Sunana Scholastica. Bakin mutanen Kafanchan ya kasa ɗaukar sunan, sai suka mayar da ni Sikola, Sikola 'yar Koci. A daminar 1991 ina da shekara ashirin da biyu, na gama makarantar horon malamai ina zaman jiran aiki, kuma ni ce idon mahaifina ba tare da gari ya sani ba.

Babana, Leonard, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya gaji. Da ya yi ritaya sai ya kwashe ransa kaf ya zuba a wani kulob ɗin ƙwallo da ake kira Tsawa. Sunan ne kawai mai ban tsoro. A waccan shekarar mun buga wasa goma a gasar shiyya, mun ci ɗaya, shi ma don motar abokan karawarmu ta lalace a hanya suka iso a galabaice. Saura wasa biyu. Ciyaman ɗin kulob, wani ɗan kwangila mai suna Oga Andrawus, ya riga ya faɗa a gaban kowa: in aka koro mu daga gasar, zai kwashe rigunansa da ragarsa, kowa ya kama gabansa.

Abin da Oga Andrawus bai sani ba shi ne, kocinsa ya shekara biyu ba ya gani. Likita a Jos ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi kuma ba zai dawo ba. Haske da inuwa kawai suka rage masa. Mu uku muka sani: shi, da mahaifiyata Mama Catherine, da ni. Ranar da muka dawo daga Jos, Mama ta ja ni bayan kicin ta ce, "Sikola, in sun karɓe bol ɗin nan daga hannun babanki, a wata uku za mu binne shi. Kin ji ko? Bakinki ya zama kabari."

Sai muka shirya ƙarya mai kyau. Baba ya sayi baƙin tabarau da hular hana-sallah, ya ce rana ke damunsa. Ni kuma na zama mai riƙe masa gorar ruwa da maganin hawan jini. In za mu fili, yakan kama gwiwar hannuna, mutane su ce kai, Koci na son 'yarsa. A benci ina manne da shi, bakina yana motsi a hankali kamar mai jan carbin rosari: "Lamba huɗu ya bar wurinsa. Gola ya fito da yawa." Shi kuma ya miƙe ya daka tsawa, "Lamba huɗu, koma gidanka!" Yara su ce Koci yana da ido har a ƙeya.

Yanzu bari in gaya muku labarin murfuna, don a nan ne na yi abin kunyar. Baba yana da wani allon katako mai faɗin ƙyauren ɗaki, kafinta ya sassaƙa masa layukan fili yadda yatsa zai ji. Kowane ɗan wasa, namu da na abokan gaba, yana da murfin kwalbar lemo guda a cikin wani gwangwanin madara. Ana huda murfin da ƙusa, kowane huji da wurinsa. Na sama hankali ne, na dama ƙafa, na hagu gudu, na ƙasa numfashi, na tsakiya zuciya. Wanda yake da abu, a huda masa. Wanda ba shi da shi, a bar wurin a toshe. Kullum da la'asar Baba yakan jera su a kan allon a gindin mangwaro, maɓallin riga shi ne ƙwallo, ya buga wasan da ke tafe tun kafin ranarsa. In murfi biyu suka haɗu, sai ya jefa ɗan ludo, ya shafa ɗigon da yatsa, ya haɗa da hujin kowanne, mai rinjaye ya tafi da maɓalli. Sau goma yake buga kowane wasa, daga nan ya san wa zai sa da wa zai ajiye. Da can shi ke hudawa da kansa. Da ido ya tafi, sai ya damƙa mini ƙusar ya ce, "Abin da kika gani shi za ki huda. Kada ki ƙara, kada ki rage."

A duk gwangwanin nan babu mai huji biyar ko ɗaya.

To, lamba tara ɗinmu ya karye a ƙafa, kuma dokar gasa ta ba mu damar sa sabon ɗan wasa guda kafin faɗuwar ranar Asabar. Baba ya ce in zaga ƙauyuka in duba yaran da ke tasowa a ƙananan kulob. Suna biyu ne suka fi yawo a bakin mutane: wani Saifullahi a Nok, da kuma Rufus a Gwantu. Da na ji suna na biyu sai gabana ya faɗi, don Rufus saurayina ne.

Wata biyar muna tare. Ɗan katikis ne, wato mai koyar da addini a coci, dogo, mai askin fank da takalmin ƙwallo na gaske da wansa ya aiko masa daga Sabon Tasha. Lokacin babu wannan wayar da kuke karanta ni a cikinta. Direban bas ɗin Gwantu shi ne wayarmu, duk Litinin da Alhamis yakan miƙo mini shuɗiyar takarda mai ƙamshin hoda. "Zuwa ga tauraruwata Sikola. Da fatan kina cikin alherin Ubangiji. Jiya na ci biyu, na farko naki ne, na biyu ma naki ne. Ki gaida Mama." Ni kuma sakarya sai in karanta sau bakwai in sa a ƙarƙashin filo. Mama ta fi ni mutuwa a kansa. Ta gaji da jin matan Zumuntar coci suna cewa, "Yarinya ya kai ashirin da biyu yana bin maza filin bol." A wurinta Rufus amsar addu'a ne.

Kuma ni da bakina na gaya masa. Ba wanda ya matsa mini. Wata Lahadi muna zaune a bakin ruwan Matsirga, na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai, ya tambaye ni me ya sa kullum nake ramewa, sai kawai na fashe da kuka na zazzage masa komai: tabarau, raɗa a benci, murfuna, ƙusa. Ya share mini hawaye da hankicinsa ya ce, "Sirrinki sirrina ne, darlin."

Na fara da Gwantu. Na tsaya a gefen fili da lema da ɗan littafina, na roƙi Allah ya sa in ga abin da nake son gani. Ƙafa akwai, wannan ba gardama. Gudu ma akwai, na minti ashirin. Daga nan sai Rufus ya kama ƙugu yana haki, taba ta cinye masa ƙirji. Ba ya ɗaga kai ya nemi ɗan'uwansa. Mafi muni, duk sanda ɗan baya ya taho da ƙarfi, sai ya ɗage ƙafa ya bar masa ƙwallon, yana duban takalminsa. Na rubuta: biyu.

Washegari na hau babur zuwa Nok, ta cikin gonakin citta, taɓo har gwiwa. Saifullahi ɗan wani mai sayen citta ne da kakanninsa suka zauna a can tun da daɗewa. Gajere, shiru-shiru, da kambas a ƙafar dama da tsumma ɗaure a ta hagu. Ba shi da gudu, ko ni zan iya tsere masa. Amma kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya san inda za ta. An kayar da shi sau uku, sau uku yana tashi ba tare da ya dubi alƙalin wasa ba, kuma a minti na tamanin numfashinsa ɗaya da na minti na farko. Da aka tashi ya zo ya ɗan rusuna ya ce, "Anti, an ce ke ce 'yar Koci. Ki gaishe shi, ki ce masa ina zuwa kallon Tsawa da keke." Na rubuta: huɗu.

Ranar Litinin direba ya miƙo mini shuɗiyar takarda. Wannan karon babu hoda.

"Sikola, na ji kin je Nok. Ban hana ki yawo ba. Amma ki tuna abin da kika faɗa mini a Matsirga, ni ban manta ba. Oga Andrawus yana zuwa shagon kawuna shan lemo duk sanda ya shigo Gwantu. Naki, R."

A tsaye na karanta, a zaune na ƙarasa. Na sake karantawa ko zan sami wata ma'ana, babu. Yinin nan na zuba gishiri a kunu, na ƙona gwaten acca, Mama ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Duk sanda aka buga ƙofa sai in yi tsammanin Ciyaman ne ya zo ya ce Baba ya cire tabarau.

Baba kuwa kullum sai ya tambaya, "Ina murfunana, Sikola?" Ni kuma in ce ina kan tunani.

Ranar Laraba sai ga Rufus da kansa, cikin farar shat mai guga da baƙin wando, ɗauke da doya biyar. Mama ta fito da rawa. Ya wuce gindin mangwaro ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne Rufus. Sannu da hutawa, sa." Baba ya ɗan yi jim, sannan ya amsa da fara'a. Da suka gama gaisawa Rufus ya same ni a bakin rijiya ina wanke tukunya.

"Kin samu leta na?"

"Barazana kake mini, Rufus?"

"Haba, wane irin barazana? Taimakon juna ne. Ke ki taimake ni in shiga babban kulob, ni in taimake ku da shiru. No wahala." Ya yi murmushin nan da nake mutuwa a kai, yau kuwa tsigar jikina ce ta tashi. "Kuma abeg, ki yi tunani. Za ki ɗauko ɗan wancan ɓangare ki bar ɗan cocinku? Kin manta da 87?"

Ban manta ba, ba wanda ya manta a Kafanchan. Tun rikicin addini na 1987, gari ya koyi kallon juna da gefen ido. Amma Baba ya sha faɗa cewa a filinsa babu coci babu masallaci, akwai wanda ya iya da wanda bai iya ba. Na buɗe baki in faɗi haka, sai Rufus ya ɗora yatsa a ƙasan idonsa ya ɗan ja fatar, yana kallon gindin mangwaro. Na koma kan wanke tukunyata.

"Biyar za ki huda," ya ce. "Na san yadda abin yake, ai ke kika koya mini."

Bayan tafiyarsa na shiga ɗaki na kulle. Na ɗauko murfi biyu, da ƙusa, da dutsen da nake bugawa da shi. Na ce wa kaina don Baba nake yi. Na ce ai wasa biyu ne kawai, wataƙila Rufus ya ci ɗaya a minti ashirin ɗinsa. Kun san mai tsoro ba ya rasa hujja. Na huda dama, na huda hagu, waɗannan gaskiya ne. Sannan na huda sama, na huda ƙasa. Da na zo tsakiya ƙusar ta zame ta soke ni a babban yatsa, na tsotse jinin na sake bugawa. Na Saifullahi kuwa na ba shi sama da dama da ƙasa. Tsakiyar na bar ta a toshe, don tazarar ta yi yawa yadda Baba ba zai yi wata-wata ba.

Na kai masa. Ya shafa na Saifullahi ya gyaɗa kai. Ya shafa na Rufus, ya sake shafawa, ya juya shi ya shafa ta baya.

"Biyar?"

"Biyar, Baba."

"Shekara goma sha ɗaya ina huda murfi, ban taɓa huda biyar ba." Ya dunƙule murfin a hannunsa. "To, ki kawo allo."

Masu karatu, da Baba ya yi fushi da ya fi mini sauƙi. Ya buga wasanmu na gaba sau goma da murfin Rufus a gaba, Tsawa ta ci takwas. Ya buga da na Saifullahi, ta ci huɗu. Ya yi dariya, irin dariyar da na manta yana da ita, har ya kira Mama ta zo ta gani. "Catherine, Allah ya tuna da mu! Surukinki zai cece ni!" Mama ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. A nan take ta sanar da ni cewa ta riga ta yi magana da matar katikis, mutanen Rufus za su zo ƙwanƙwasa ƙofar neman aure ranar Lahadi bayan an tashi daga Mas a coci. Ta ciro atamfa mai ruwan goro daga ƙasan akwati ta ce in kai wa tela yau-yau. Na karɓa na ce na gode. Na kai wa tela, na tsaya ya auna ni.

Duk da haka Baba bai bar al'adarsa ba. Ba ya sa sunan yaro a takarda sai ya buga a gabansa, da ido ko babu. Aka aika wa su biyun su zo gwaji ranar Asabar da ƙarfe huɗu.

Ranar aka yi ruwa da rana tsaka, fili ya yi jajur da taɓo. Na sa siket ɗina mai ruwan toka da rigar sanyi, amma gumi nake yi. Jama'a sun cika, don labari ya zaga cewa Koci ya samo mai ceto. Oga Andrawus yana kan kujerarsa da lema da takardar rajista a cikin leda. Aka raba yaranmu gida biyu, Rufus a gaban masu jar riga, Saifullahi a gaban masu ruwan ɗorawa. Muna zama Baba ya ce a matso masa da benci dab da layi. Na sunkuya zan fara raɗa, sai ya ɗora hannu a gwiwata.

"Yau ki huta. Kada ki ce uffan."

"Baba, ai ba za ka..."

"Na ce ki huta."

Shekara biyu bai taɓa faɗa mini haka ba. Ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, ya karkata kunnensa na dama wajen fili, hannunsa ɗaya cikin aljihu. Ina jin murfuna biyu suna ƙaras-ƙaras a tsakanin yatsunsa.

A minti na biyar Rufus ya ci. Ƙwallo mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Fili ya ɗauka da ihu, ya rugo ta gabanmu yana ɗaga hannu, na ji ɗan sanyi a raina, na ce wataƙila Allah ya rufa mini asiri. Baba bai ko motsa ba. Kafin a je hutu Rufus ya sake wucewa ta gaban bencinmu, wannan karon a hankali, ƙirjinsa yana kuka kamar tsohon famfo. Na ga kan Baba ya bi shi. Can babban ɗan bayanmu ya taho masa, Rufus ya ɗage ƙafa, ƙwallo ta wuce salin-alin, ba a ji ƙarar komai ba. Wani daga cikin masu kallo ya ce, "Kai, yana tsoron takalminsa!"

Saifullahi kuwa muryarsa ce ta cika wancan gefen, gajeru-gajerun kalmomi: "Bari. Bayanka. Sake." Yaran da suka san shi minti arba'in kacal suka koma bin maganarsa. Shi ma ɗan bayan masu jar riga ya same shi, ƙashi ya haɗu da ƙashi, ƙarar ta iso har benci, mata suka ce wayyo. Kafin alƙali ya busa, sai ga muryar nan kuma daga ƙasa tana tasowa: "Ci gaba, ci gaba!" Bai ci ko ɗaya ba. Ya ba da biyu aka ci.

Aka busa tashi. Oga Andrawus ya taho da takarda da biro, 'yan wasa da 'yan kallo suka kewaye mu. Rufus ya tsaya a bayan kafaɗar Ciyaman yana goge wuya da tawul. Ya dube ni, ya ɗora yatsa a ƙasan idonsa. Na fara addu'ar "A gaishe ki Maryamu" a zuci na kasa wuce layin farko.

"To Koci," in ji Ciyaman, "wa zan rubuta?"

"Rubuta Saifullahi."

Rufus ya yar da tawul ya matso. "Ciyaman sa, ina da magana. Akwai abin da ya kamata kowa a nan ya sani."

"Dakata, yaro," in ji Baba. "Babba zai riga ka."

Ya miƙe tsaye. Ya cire hula ya miƙo mini. Sannan ya sa hannu biyu ya zare tabarau, ya buɗe idanun nan da suka yi fari-fari, yana kallon wani wuri kaɗan a gefen fuskar Ciyaman.

"Andrawus, takardar da ke hannunka, ni ban gan ta ba. Kai ma ban gan ka ba. Shekara biyu ke nan. Na ɓoye muku don ina tsoro, wannan laifina ne, ba na kowa ba. Duk tsawar da na daka muku a filin nan, 'yata ce ta gani ta faɗa mini. In za ku kore ni, ku kore ni. Amma yau da kunnena na kalli wasa, kuma yaron Nok ne lamba tara."

Na kasa ɗaga kai. Ina jin ƙus-ƙus yana zagayawa, wani yana cewa "Yesu na", wani yana salati. Gola ɗinmu, ƙato da shi, ya sa hannu ya rufe fuska. Oga Andrawus ya daɗe yana juya biro. Daga baya ya ce, "Oga Leonard, ka ba ni kunya, ka kuma ba ni tausayi. Ni ma na ga wasan, yaron citta ya fi." Ya rubuta sunan. "Maganarka kuwa, kwamiti zai zauna ranar Litinin." Da na duba inda Rufus yake, tawul ɗinsa kawai na gani a cikin taɓo.

Muka kama hanyar gida ta bakin layin dogo, yadda muka saba, hannunsa a gwiwar hannuna. Rana ta yi sanyi, mata suna dawowa daga kasuwa suna gaishe mu, yana amsawa ba tabarau. Sai da muka wuce tsohon tankin ruwa na iya haɗa magana.

"Baba, ya aka yi ka san zai tona?"

"Ranar Laraba ya durƙusa ya ce, Baba ni ne Rufus. Wata biyar yana zuwa gidana. Wanda ya san kana gani ba ya gaya maka sunansa." Muka yi taku kamar goma. "Mu uku muka sani. Ni ban faɗa ba, uwarki ba ta faɗa ba."

"Baba, ka yi haƙuri, tsoro ne ya..."

"Wannan ba komai. Yarinya tana son saurayi, bakinta ya zuba. Na yafe tun ranar." Ya tsaya, ya laluba tafin hannuna, ya sa mini murfi biyu masu ɗumi. "Wannan ne ban gane ba. Kin ba shi biyar, kunnena ya ba shi biyu. Na ce to, ya tsorata ta. Amma yaron Nok fa? Me ya yi miki kika hana shi hujin zuciya?"

Hawaye suka zubo mini. Ni da na zaci zai daka mini tsawar nan tasa, sai muryarsa ta yi ƙasa har da ƙyar nake ji.

"Na yi dariya ranar Laraba, Sikola. Na so in yarda, har na kira uwarki. Murfi talatin da shida ne a gwangwanin nan, duka ke kika huda. Yanzu in na shafa, ta yaya zan san wanne ne gaskiya?"

"Duka gaskiya ne, Baba, na rantse! Waɗannan biyun ne kawai!"

Bai ce na yi ƙarya ba. Bai ce ya yarda ba. Ya zare hannunsa daga nawa a hankali, ya juya fuskarsa wajen gida, ya fara tafiya shi kaɗai, leɓɓansa suna ƙirga taku. Na bi shi a baya da gorar ruwa da hula da murfuna biyu a dunƙule. A gida Mama tana can ta jiƙa acca don baƙin gobe, atamfa mai ruwan goro tana rataye a ƙusa, ba ta san komai ba tukuna. Amma ba wannan ne a raina ba. Ruwan ranar ya zaftare bakin kwatar da ke gaban layinmu, ramin ya matso cikin hanya fiye da inda ƙirgarsa ta san shi, kuma yana tafiya kai tsaye.

"Baba, tsaya! Rami a gabanka!"

Ya tsaya cak. Shekara biyu, in na ce rami sai ya kauce, in na ce tsallaka sai ya tsallaka, bai taɓa tambaya ba. Ranar kuwa ina tsaye ina kallo, mahaifina ya miƙa ƙafarsa ta dama a hankali, ya laluba ƙasa da bakin takalmi, sai da ya ji ramin da kansa sannan ya kauce.